Shagon da ya haɗa min takardun neman koyarwa a jami'a

Da na ga tallar guraben malamai a jarida, an ba da mako 6 kacal, kuma kwafi 15 na takardu ake so, kai tsaye na nufi wani shagon kwamfuta a Kabuga, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero.

Mai shagon ya san aikinsa. Yana duba fayil ɗina ya ce, “Malam, ina shaidar hidimar ƙasa? Babu ita ko kallonka ba za a yi ba.” Wallahi a gida na manta ta. Ya kuma tuna min cewa mai digiri na biyu matakin mataimakin lakcara zai nema, kuma mutum ukun da za su tsaya min su aika wasiƙunsu ga magatakarda da kansu, a rufe.

Bugun ya fita tas, hatimin kowace takarda ana karanta shi.

Inda na ji ciwo shi ne jira. Aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, na zauna kan benci daga azahar har bayan la'asar. Duk da haka can na tura ƙanwata, na ce ta yi sammako.