Kwana tara da ɗan aiken ƙarfe a otal ɗin Guangzhou

A bakin lifta muka fara haɗuwa da shi, ina janye da akwati, ga leda biyu na samfurin yadi a ɗaya hannun. Ƙofa na shirin rufewa sai ta sake buɗewa, sai ga wani abu kamar ƙaramin durom, tsayinsa bai fi ƙuguna da yawa ba, yana magana da muryar yarinya cikin Sinanci. Maigidana, wanda ya haura shekara ashirin yana zuwa ƙasar Sin saro kaya daga Kantin Kwari, ya ja hannun rigata ya ce, “Matsa masa, ɗan aike ne.” Na matsa. Ya shigo, ya juya a hankali ya fuskanci ƙofa kamar kowa. Ba wanda ya danna masa lamba, amma lifta ta tsaya a hawa na shida ya fita abinsa.

Wani matsakaicin otal ne kusa da Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka daɗe suna sauka, kuma mun je ne lokacin baje kolin Canton na watan Oktoba, lokacin da garin ke cika har ɗaki ya yi tsada. Mutum-mutumi biyu na yi hulɗa da su a kwana taran: na otal, mai kai saƙo ɗaki, da na gidan abincin halal da ke ƙasan ginin, mai kai abinci tebur. Tunda mutanenmu da yawa za su sauka a irin wannan wuri, ga yadda na same su.

Aikin na otal ɗin ba shi da wuya. Ka yi odar abinci ta waya, ɗan babur ya kawo ya ajiye wajen masu karɓar baƙi, ba ya hawa sama. Ma'aikaciya ta buɗe cikin mutum-mutumin ta saka, ta danna lambar ɗaki. In ya iso ƙofarka ba ya ƙwanƙwasawa, don ba shi da hannu, wayar ɗaki ce za ta yi ƙara. Ka buɗe ƙofa, ka taɓa allon da ke kansa, murfi ya buɗe, ka ɗauki kayanka. Haka ruwan gora, tawul, man goge baki. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne rashin nauyi: ƙarfe biyun dare za ka nemi ruwa ba tare da ka ji ka tayar da bawan Allah daga barci ba, kuma ba mai tsayawa yana sosa ƙeya yana jiran tukuici.

Ejan ɗinmu, wani yaro ɗan Maraɗi da ya yi karatun injiniya a can, shi ya durƙusa ya nuna mini yadda yake gani. A ƙasa, daidai ƙwaurin mutum, akwai wata tsaga baƙa. A ciki akwai ido mai harba hasken leza yana juyawa, hasken ya bugi abu ya dawo, da haka yake auna nisan bango da kujera da ƙafar mutum. Sama da nan akwai kyamarori masu gane zurfi. Kafin ya fara aiki sai an zagaya da shi ginin ya zana taswira ya ajiye a kansa. Lifta kuwa an saka mata wata na'ura da suke magana da juna ta intanet, shi ya sa ba ya bukatar yatsa.

Ni dai ban yarda da abin da aka gaya mini ba sai na gwada. A rana ta biyu na tare shi a baranda, na miƙa ƙafa gabansa ba zato. Ya tsaya cak, saura kusan taki biyu, ya ɗan yi jim, ya karkata ya wuce ta gefena. Na sake tare shi, ya sake kaucewa. A karo na uku da na toshe hanyar gaba ɗaya, ya tsaya yana maimaita wata magana, ejan ya ce roƙo yake a ba shi hanya. Maigida ya leƙo daga ɗaki ya ce, “Kai da girmanka kana tsokanar durom?” A kwana taran nan ban ga ya taɓa jikin kowa ba, ko sau ɗaya.

Na gidan abincin ya fi shiga haɗari, don shi cikin mutane yake yawo, ga kujeru ana ja ana turawa, ga yara. Tire huɗu ne a jikinsa, ɗaya bisa ɗaya. Irin waɗannan kamfanoni da dama ke ƙera su a ƙasar, manyansu akwai Pudu da ke Shenzhen da Keenon da ke Shanghai. Abin da na lura da shi ban taɓa tunaninsa ba: ba karo ne abin tsoro ba, birki ne. Taliyar Lanzhou tana zuwa ne cikin romon naman sa mai tafasa, kwano cike har baki. Da na'urar za ta taka birki da ƙarfi, romon nan a kan wani zai sauka. Wani dare ɗan masu gidan, yaro da bai fi shekara huɗu ba, ya fito da gudu daga bayan kanta ya gifta gabansa. Na riga na miƙe daga kujera. Ya tsaya, amma wata irin tsayawa mai laushi, romon ya yi tangal-tangal ya koma, ɗigo kaɗan ya zuba a tire. Tun daga nesa yake rage gudu da zarar ya hango motsi, kuma dama tafiyarsa ba ta kai saurin mai sauri a ƙafa ba. Wanda ya tsara wannan ya zauna ya yi tunani a kan mutane, ba a kan ƙarfe kaɗai ba.

Na ƙara ganin darajar hakan ranar da muka je wata masana'anta a Foshan. Can akwai wani ƙaton hannun ƙarfe mai jera kwalaye, an kewaye shi da waya kamar zaki a gidan zu, in an buɗe ƙofar kejin sai ya mutu nan take. Haka aka daɗe ana zama da su. Na farkonsu, Unimate, ya fara aiki a kamfanin General Motors a 1961, kuma a 1979 wani hannun ƙarfe ya kashe ma'aikaci a masana'antar Ford da ke Flat Rock a jihar Michigan ta Amurka. Sai a 1996 wasu malamai biyu na jami'ar Northwestern, Edward Colgate da Michael Peshkin, suka fito da tsarin na'urar da za ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum ba keji, a 2014 kuma aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 13482 kan kiyaye lafiyar mutane daga mutum-mutumin da ke hidima kusa da jikinsu. Daga wancan kejin zuwa ɗan durom ɗin da yaro ke gifta wa, tafiya ce mai tsawo.

To amma kada ya buge ka daban, ya san ya kamata daban, kuma a nan ne na same shi da gaira.

Daren Laraba na yi odar shinkafa da naman rago, na ga za a ɗan jima, sai na ta da sallar Isha. Ina raka'a ta biyu wayar ɗaki ta fara ƙara. Ta katse, ta sake. Ina jin muryarsa a bakin ƙofa yana ta zuba. Kafin in yi sallama in buɗe, baranda wayam, ya juya da abincina ya koma ƙasa. Sai da na sauka da kaina na karɓo, ya huce. Ɗan aike mai rai zai ji shiru ya ɗan dakata, ko ya rataye ledar a hannun ƙofa. Shi kuwa an ƙayyade masa mintoci, suna cika ya tafi. Ma'aikaciyar ta ba ni haƙuri ta manhajar fassara, ta ce nan gaba in faɗa musu su riƙe saƙon sai na kira. Haka muka riƙa yi, kuma ya yi daidai, amma ka ga mutum ne ya gyara.

Sai maganar lifta. In ya shigo tsakiya yake tsayawa, ba ruwansa da wanda ya riga shi. Ranar Juma'a za mu tafi masallaci, maigida ya sha malum-malum, ga sanda saboda gwiwa tana damunsa. Muka iso ƙasa, mutum-mutumin yana bakin ƙofa yana jiran shiga. Maigida ya ɗaga hannu zai saɓa riga, rigar ta bazu, na'urar ta ga kamar bango ya tsiro mata, ta daskare a daidai hanyar fita tana roƙon a ba ta hanya. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya shi ya raɓa ta gefe da sandarsa. Ya dube ni ya ce, “Wannan yaron ba a yi masa tarbiyya ba.” Dariya muka yi, amma gaskiya ya faɗa. A wajen na'urar, tsayawa cak shi ne iyakar ladabi. A wajenmu kuwa yaro ja da baya yake yi ya ba babba hanya tun kafin a iso. Masu ƙera su sukan yi aiki da ma'aunin Edward Hall, Ba'amurken da ya auna tazarar da mutane ke bari tsakaninsu a shekarun 1960, kusan rabin mita zuwa mita ɗaya da ɗoriya ga wanda ka sani. Tazara ana iya auna ta da leza. Waye ya kamata ya fara wucewa, wannan ba ya cikin ma'aunin.

Akwai kuma ƙananan abubuwa. Abin da ya kwanta ƙasa sosai ba ya ganinsa da kyau: wani maƙwabcinmu ɗan Gana ya bar silifas a ƙofar ɗaki, taya ta hau kai, ya tsaya yana kuka sai da ma'aikaci ya zo ya ɗaga shi. Gilashi ma yana ruɗa shi, don hasken leza ratsa shi yake yi, shi ya sa aka manna wata doguwar takarda a ƙasan ƙofar gilashin gidan abincin. Kuma Sinanci kaɗai yake yi, a otal ɗin da rabin baƙinsa ba sa ji.

Da ka zauna ka lura, za ka ga rabin kirkinsa na ma'aikatan ne. A gidan abincin shi ke ɗauko kwanuka daga kicin, amma in romo ne, wata mata mai ɗankwali ce ke biyo shi ta sauke da hannunta, ba ta yarda baƙo ya ɗauka. Ita ke tura kujerun da aka bari a hanyarsa. A gefe guda kuma ya hutar da ita zirga-zirga da tire mai nauyi, har tana samun sukunin tsayawa ta tambaye ka da hannu ko barkonon ya yi yawa. Wannan rabon aikin shi ya sa abin yake tafiya. Otal ɗin Henn-na, wanda aka buɗe a Nagasaki ta Japan a 2015 ya so mutum-mutumi su yi kusan komai, zuwa 2019 ya sallami fiye da rabin 243 da yake da su, don ƙara wa ma'aikata aiki suke yi.

In za ka sauka a irin wannan otal, kada ka ji ɗar, ko da iyali ka je. Ta fuskar lafiyar jiki na ba shi tara cikin goma, ta fuskar sanin ya kamata huɗu. Ka dai gaya wa masu karɓar baƙi lokutan da ba ka son a turo shi, kuma kada ka bar takalmi a baranda.

Wani abokina mai gidan abinci a Kano ya ce in tambayo masa kuɗin mai tiren. Na kira shi daga can na ce, “Alhaji, kafin kuɗi, tsakanin kicin ɗinka da wajen cin abinci ba akwai matakala biyu ba?” Ya ce akwai. Na ce to ba ya hawa matakala, yana son daɓe sumul da hanya mai faɗi tsakanin tebura, ga caji kullum, ga wanda zai duba shi in ya lalace. Ya yi shiru, sannan ya ce in bar maganar, in taho masa da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki guda biyu.