Na'urar kiran namun daji da na saya a Garwa

Ƙaramar lasifika ce ƙirar Sin, da ɗan rimot da batir mai caji, jaka goma sha biyar na biya a babbar kasuwa. Mai shagon ya rantse mini har gwanki take kirawowa. Ƙarar tana kai nesa, cajin yana wuni, wannan ban ƙi ba. Matsalar muryoyin da aka zuba mata ne: kusan duk na dajin Amurka ne.

Wadda aka fi tallatawa a kwalin kukan elk ce, wata ƙatuwar barewa ta tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, namijinta kan wuce kilo 300. A watan Satumba da Oktoba, lokacin barbara, namiji yakan yi wani dogon fito mai kaifi ya ƙare da gurnani, yana ƙalubalantar kishiyoyinsa. Mafarautan can suna kwaikwayonsa don ya taso faɗa. To, wa zai taso a bakin Binuwai? Gwanki da mazo ba su san wannan yare ba.

Ƙananan ne suka ji a jikinsu. Na kunna da asuba a gefen gonar dawarmu. Zabbin daji suna tsakar kiwo, suka miƙe wuya, ɗaya ta yi ƙyaƙ-ƙyaƙ, garken ya watse cikin ciyawa. Makwarwar da ba ta fashin kukan safe ta yi gum. Kurege ya faɗa rami bai ƙara leƙowa ba sai da rana ta ɗaga. Baba Tsoho, wanda ya koya mini harbi, ya dube ni ya ce, "Yaro, kai ka zo farauta ne ko kora?"

Akwai kuma muryar zomo mai ihun azaba. Ita tana aiki, amma dila take jawowa, shaho kuma ya zo yana shawagi. Da damina, sa'ad da zabuwa ke kwance kan ƙwai, ka tashe ta da ƙara ka kuma gayyato maƙiyanta wurin, hankaka ma ya ishe ta. Ko a Amurkan, jihohi da dama sun hana farautar elk da lasifika, da baki ake busa.

Kada wani ya kusanci gandun dajin Buba Njidda ko na Faro da ita, jami'an gandun daji ba za su saurari bayani ba. Tawa tana wurin ƙanena yanzu, yana korar tsuntsayen jan baki daga gero da ita.