Sharhi Kan Rumbun ClinicalTrials.gov

Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ne ya buɗe wannan rumbun bayanai na intanet a shekarar 2000, da farko domin marasa lafiya su san gwaje-gwajen magungunan da ake yi; daga baya ya zama wurin da masu gwajin magunguna ke rajistar bincikensu tun daga farko, ta yadda ba za a iya binne sakamakon da bai yi wa kamfani daɗi ba. Matsalar ba ƙarama ba ce: wani nazari na 2008 kan gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa ya nuna cewa mujallu sun buga kusan duk waɗanda suka yi nasara, yayin da akasarin sauran ko dai ba a buga su ba, ko an yi musu kwaskwarima.

Shiga kyauta ne, kuma abin da ya fi burge ni shi ne tarihin sauye-sauye, inda mai karatu zai gane ko masu bincike sun canza abin da suka ce za su auna bayan sun ga alƙaluma. Sai dai jadawalan sakamakon suna da wuyar fahimta ga wanda ba likita ba, kuma har yanzu cibiyoyi da dama suna jinkirta saka sakamakonsu duk da dokar Amurka ta 2007 da ta wajabta saka shi.