Kafin ka sayi gajeriyar bishiyar tukunya: tuja, junifa ko arokariya?

Shekara biyu da suka wuce na tsaya a wani lambun furanni na bakin titi a Kaduna, na sayi 'yan itatuwan nan uku da masu lambu ke kira bishiyar Kirsimeti. Kore shar, gwanin sha'awa. Cikin sati biyar biyu suka bushe ƙayau. Da na tumɓuke su, ko saiwa ɗaya babu, ashe reshe ne aka yanko aka soka a leda. Abin ya ci mini rai. Irin wannan itace yakan daɗe da launinsa bayan ya mutu, kuma da haka macuta ke cin kasuwarsu.

Wadda ta rayu tuja ce, kuma ita nake ba kowa shawara. Asalinta daga China da Koriya ne, tana jure zafi da ƙishirwa fiye da yawancin danginta. Ganyenta a jere yake a tsaye, falle-falle kamar shafukan littafi, kana iya sa yatsa ka buɗa. Nau'in Aurea Nana shi ne gajeren, yana tashi a dunƙule kamar ƙwai, bakin ganyensa ruwan ɗorawa. A ma'aunin masana a Amurka, ba a kiran irin wannan itace gajere sai girman da yake ƙarawa a shekara bai wuce santimita 15 ba. Tawa tana cikin tukunyar ƙasa mai huji a gindi, na haɗa mata yashi da ruɓaɓɓen taki, tana shan hantsi, da azahar inuwar katanga ta rufe ta. Tukunyar baƙar roba kuwa dafa saiwa take yi a watan Afrilu. Abu ɗaya: in za ka yi mata aski, tsaya a koren ganye, don tsohon reshe da wuya ya sake toho.

Junifa mai rarrafe, wadda dangin tuja ce, tana da kyau, amma ƙurar hunturu na jawo mata ƙananan ƙwari masu saƙa, sai ka yi ta fesa ruwa. Conica, wata gajeriyar bishiya da aka gano a Alberta ta Kanada a 1904, 'yar ƙasar ƙanƙara ce, ko sanyin Jos bai ishe ta ba. Arokariya kuwa ba gajeriya ba ce sam, a mahaifarta, tsibirin Norfolk da ke tekun Pasifik, takan haura mita 50. Wanda ya ce maka ba ta girma, ƙarya yake yi.

To, in ka je saye, kada kunya ta hana ka bincike. Kama gindin ka ɗan ja a hankali. In ya taho sakwaf, ajiye. Juya ledar ka duba ko fararen saiwoyi sun leƙo ta ƙasa. Kankare ɓawon da farce, in babu ɗanyen kore a ciki ta riga ta mutu. Goga jiƙaƙƙen tsumma a ganyen, don akwai masu fesa fenti. Wasu kuma wata bishiya mai suna kasuwarina suke miƙo maka, alhali ba ta cikin dangin waɗannan itatuwa ma: tsinka siririn ganyenta, za ka ga yana rabuwa gaɓa-gaɓa. In mai lambu ya hana ka taɓa kayansa, ka ce masa, “Malam, Allah ya ba da kasuwa,” ka wuce na gaba. Kuma ka bari sai damina ta zauna kafin ka saya.