Kunnuwan giya a bayan sitiyari: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wani ƙanena a Garwa ta Kamaru ya fito da Mustang ƙirar 2012 daga tashar jirgin ruwan Duwala, ko wata biyu ba a yi ba ya zo mini da wani ɗan ƙunshi da ya yo oda ta intanet. Ƙarafa biyu ne jajaye na alminiyam, masu kama da kunnen zomo, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa. "Yaya, gobe zan kai a ɗaura mini," in ji shi. Na juya su na ga bayansu gam ne kawai, babu waya ko ɗaya. Kuɗin dai ya riga ya tafi.

Masu Faransanci a nan suna ce musu palet. Ni kunnuwan giya nake ce musu. A mota mai otomatik, ka ja na dama giya ta hau, ka ja na hagu ta sauka, hannunka bai bar sitiyari ba. Ferrari ce ta shigo da su tseren Formula 1 a 1989, Nigel Mansell ya ci tseren Barazil da motar a fitowarta ta farko, sannan a 1997 kamfanin ya sa su a F355 ta hawa titi. Amma duk wannan suna da suka yi, kunnuwan nan makunni ne kawai, kamar na fitilar ɗaki. Ba su taɓa giya. Saƙo suke aika wa kwamfutar giyabos, ita ce mai yanke hukunci, har takan ƙi saukar da giya idan ta ga injin zai yi kukan da ya wuce ƙima.

Saboda haka kafin ka tambayi farashin komai, shiga motarka ka dubi sandar giya. Idan akwai gefen da ake tura ta a ga tarawa da ɗebewa, wanda Porsche da Audi da Volkswagen ke kira Tiptronic, BMW kuma Steptronic, to giyabos ɗinka ya riga ya iya karɓar umarni, hanyar isar da saƙon kawai za ka sauya. Idan abin da ka gani P, R, N, D, 3, 2, 1 ne kurum, irin na motar ƙanena, aiki ya yi nisa. Ford ba ta sa maɓallin canza giya a sandar Mustang ba sai ƙirar 2013, kunnuwa kuwa sai 2015. Corvette ta 2005 mai giya huɗu ba ta da su, ta 2006 mai giya shida tana da su. Shekara ɗaya tak takan raba aikin yini da aikin da zai cinye maka aljihu, don haka karanta shekarar a jikin lambar shasi, kada ka dogara da bakin dillali.

Jajayen ƙarafan da ƙanena ya saya na wanda motarsa ke da kunnuwa ne tun daga kamfani, yana so su ƙara tsawo. Ado ne. Kuma a ranar Afirilu ta Garwa ko Injamena, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana, gam ɗin saki yake yi. In dole sai ka saya, nemi masu ƙaramin noti.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce sitiyarin kamfani, wato ka samo na irin motarka amma na samfurin da ya zo da kunnuwa. Ana samun na gwanjo a wurin masu kayan Beljiyam a Duwala, ko ta hannun masu zuwa Dubai, wasu kuma su tsallaka Yola ko Kano. Daɗinsa, yana zama daram kamar da shi aka haifi motar, hon da maɓallan rediyo duk suna aiki, ranar da za ka sayar kuma mai saye ba zai ga wayoyi na reto ba. Sai dai sitiyarin shi kaɗai sau da yawa ba ya isa. A bayansa akwai wani faifai mai naɗaɗɗiyar waya kamar kaset, shi ke barin sitiyari ya juya ba tare da wayoyin hon da jakar iska, wato airbag, sun tsinke ba. A wasu motocin faifan da ke ciki ba shi da layukan da za su ɗauki saƙon kunnuwa, sai an sauya shi, wani lokaci har da ƙaramar kwamfutar wuyan sitiyari. Bayan nan sai an jona kwamfuta an shaida wa motar cewa yanzu tana da kunnuwa: manhajar VCDS ga Volkswagen da Audi, NCS Expert ko E-Sys ga BMW gwargwadon shekararta, Xentry ga Mercedes. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Sai an sayi kaya an ɗaura, sannan a fara yawon neman mai kwamfuta daga Marwa har Kusiri. Nemo shi tukuna, ka ba shi lambar shasi, ya ce maka zai iya ko ba zai iya ba, sannan ka fitar da sefa.

Maganar jakar iska kuwa, ita ce inda nake so mai saye ya nutsu. Sitiyarin kunnuwa sau da yawa siffarsa daban, jakarka ta da ba za ta shiga ba, sai ka sayo shi da tasa. Wata jakar soket ɗaya gare ta, wata biyu, kuma ba a musanya su da dabarar yanke waya. Mafi muni shi ne jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda suka jawo janye motoci mafi girma a tarihin harkar. Sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima, ranar haɗari sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska. A 2024 BMW ta kira motoci sama da 390,000 a Amurka, samfurin 3 Series na tsakanin 2006 da 2012, kuma dalilin shi ne ainihin abin da muke magana a kai: masu motoci sun cire sitiyarinsu sun sa na wasanni mai ɗauke da jakar Takata. Ka tuna kayan da za ka saya wataƙila ya yi damina biyu a rumbun Duwala kafin ya zo ya gasu a Arewa. Juya jakar ka karanta tambarin da ke bayanta, in ka ga sunan nan ka ajiye musu abinsu.

Wurin ɗaurawa ma ka tsaya a kan mai gyaran. A daidaita tayoyin gaba, a cire kan batir a jira kamar minti goma kafin a taɓa jakar, kuma kada a bar faifan wayar ya yi juyin banza. Idan aka mayar da shi ba a tsakiya ba, kwanar farko da ka karya sitiyari har ƙarshe zai tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama.

Akwai kuma kayan kasuwa da ake ɗaura wa sitiyarin da kake da shi. Wasu da waya ake jona su da wayoyin tarawa da ɗebewa na ƙarƙashin sandar giya, wasu ba waya, ƙaramin batir ne a kunnen, akwatin karɓar saƙo kuma a ɓoye a ƙasa. Sun fi sauƙin kuɗi, kuma ga motar da kamfaninta bai taɓa yi mata sitiyarin kunnuwa ba, irin Nissan 350Z, kusan su ne mafita. Tsakanin biyun na fi son mai waya, don batir ɗin kan ƙare ba sallama, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa makunni mai arha. Amma wannan sai sandar giyarka tana aika saƙon ta wayoyi na daban. A sababbin motoci da yawa saƙonni duka a layi ɗaya na kwamfuta suke bi, mai wayarin da ya saba da fitilar gwaji da reza zai iya jawo maka abin da ya fi ƙarfinsa. Duba kuma inda kunnen zai zauna: wanda ke jikin sitiyari yana juyawa tare da hannunka, wanda ke jikin wuya irin na Ferrari yana nan inda ka bar shi. Kowanne da masoyansa, sai dai na wuya yana bukatar fili tsakaninsa da sandar sigina.

Ga motar da ba ta da tarawa da ɗebewa sam, abin da ya rage shi ne a sauya sandar giya a sake wa kwamfutar karatu, ko a sa wa giyabos ɗin kwamfuta ta daban. Ana yi a ƙasashen da masu wannan aiki suke ko'ina. A nan, ranar da ta rikice a hanyar Kaele, wa zai buɗe ta? Ban ba kowa shawarar ba.

Kada kuma ka sa ran gudu zai ƙaru. Tsohon giyabos mai aiki da mai, ka ja kunne sai ya yi ɗan tunani kafin ya amsa, ba kamar giyabos ɗin DSG na Volkswagen ko na kamfanin ZF mai giya takwas ba, waɗanda ke amsawa nan take. Inda na ga amfaninsu na gaske shi ne gangaren nan mai kwane-kwane da ake sauka bayan an bar Ngaundare za a Garwa. Ka saukar da giya zuwa ta uku ko ta biyu injin ya riƙe motar, birki ya huta, hannuwanka biyu na kan sitiyari. Haka wurin wuce tirelolin da ke jan kaya zuwa Cadi, ka saukar da giya tun kafin ka leƙa. Mai yawan yin haka ya riƙa duba man giya.

Ƙanena dai na nuna masa cewa 3 da 2 ɗin da ke jikin sandarsa suna yi masa aikin gangaren. Jajayen ƙarafan ya ba wani abokinsa mai Toyota 86, wadda ta zo da kunnuwanta tun daga Japan, shi kuma yanzu yana cigiyar Mustang ta 2015.