Na'urar shingen lantarki mai sola: abin da za ta iya a zaribarka da inda take gazawa

Ƙaramar na'urar shingen lantarki, wadda farantin sola da batir da injin duk ke cikin akwati ɗaya, tana da amfani ga mai tumaki da awaki a yankin Mai Wurno, Sinnar da Gadarif. Sai dai in ka kafa ta yadda hoton kwalinta ya nuna, da rani za ta ba ka kunya. Laifin ba na injin ba ne, na rodin ƙasa guda ɗaya ne da ake haɗowa da ita, wato sandar ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa don wutar ta komo wa injin ta cikinta.

Irin wannan na'ura ana sayar da ita ga makiyayan Amurka masu fama da koyoti, dabbar da ta ɗan fi dilanmu girma, mai haƙa rami ta ƙarƙashin shinge ko ta kutsa tsakanin wayoyi. Ba mu da koyoti a Sudan, amma dila ɗabi'arsa ke nan, haka ma sakakkun karnuka da ke yawo a garke bayan gari. Duk su da hanci suke fara gwada shinge, hanci kuwa a jiƙe yake kuma babu gashi, nan wuta ta fi kamawa.

Injin yana tura wuta mai ƙarfi cikin waya kamar sau ɗaya kowace daƙiƙa, ta ɗauke nan take. Shi ya sa take razana dabba ba ta kashe ta. Abu biyu za ka duba kafin ka biya kuɗi. Na farko jul, wato ma'aunin ƙarfin kowane bugun wuta: masu 0.1 zuwa 0.2 na lambun gida ne, ciyawa kaɗan ta taɓa waya sun mutu. Ga zaribar kwana nemi mai 0.5 zuwa jul 1, kuma ka tabbata adadin da ke fita ne aka rubuta, domin wasu kamfanoni adadin da injin ke tarawa a ciki suke bugawa a kwali, shi kuwa kullum ya fi yawa. Na biyu bolt: in mitar gwada wutar shinge ta nuna ƙasa da 4,000 a kan waya, kada ka yi barci da zuciya ɗaya. Abin nema 5,000 ne zuwa sama. Mitar ba ta zuwa cikin yawancin kwalayen, kuma wannan babban gibi ne, don fitilar da ke ƙiftawa a jikin injin tana nuna yana aiki ne kawai, ba ta gaya maka nawa ke isa ƙarshen shinge ba. Sayi mitar rana ɗaya da na'urar.

To, batun ƙasa. Wuta ba ta jan dabba sai ta bi ta jikinta ta shiga ƙasa ta koma wurin injin ta rodi. Da damina baƙar lakarmu tana jiƙe sharkaf, komai na tafiya daidai. Daga Janairu zuwa Mayu kuwa lakar tana bushewa ta dare, tsagar ta isa mutum ya zura hannu, har ta janye daga jikin rodin ta bar shi tsaye cikin iska. A lokacin mita za ta iya nuna maka 6,000, dila ya taɓa waya ya ji ɗan tsikari ya wuce abinsa. Kuma lokacin ne abinci ke ƙaranci a daji, namun dawa ke matsowa gari.

Maganin bai da tsada. Kafa rodi uku masu rufin zinki, kowane kusan mita 2, tazarar mita 3 tsakaninsu, a wuri mai inuwa ko kusa da kwamin shan ruwa inda damshi ba ya yankewa. Haɗa su da waya ɗaya da ƙulli mai noti, kada ka naɗe da hannu kawai. Kada ka gauraya jan ƙarfe da zinki, mahaɗar tana cin kanta da tsatsa. Sannan abin da ya fi komai: kada duk wayoyin su zama masu wuta. Ja layi bakwai, na 1 da 3 da 5 da 7 masu wuta, na 2 da 4 da 6 ka haɗa su da rodin ƙasa. Duk dabbar da ta cusa kai tsakani za ta taɓa biyu lokaci guda, wutar ta kama ta ko da ƙasar ta bushe ƙamas.

Layin farko daga ƙasa kada ya wuce santimita 15 daga doron ƙasa, huɗu na farko su bi wannan tazara, na sama su ɗan buɗe har tsayin ya kai wajen mita 1.2. Zariba mai mita 20 kowane gefe kewayenta mita 80 ne, wato waya mita 560 da turaku kusan 20 in ka ba da mita 4 tsakani. Inda ƙasa ta yi kwari ko ruwa ya zaizaye, cike da duwatsu, ta nan dila ke shiga. Ƙofa ma a sa mata wuta, mutane kan manta da ita.

Robobin riƙe waya da ke zuwa cikin wasu kwalayen ba sa jure ranar Afrilu, suna tsagewa, wuta ta riƙa zurarewa cikin turke. Baƙaƙe masu kauri sun fi daɗewa. In ka ji ƙas-ƙas da dare a wani turke, nan take zuba. Batir ɗin ma zafi na rage masa kwana, don haka a yi wa akwatin inuwa, farantin kaɗai ya sha rana, yana fuskantar kudu da ɗan karkata kamar digiri 15. Bayan kowane habub, wato guguwar ƙura, a goge shi da tsumma. Da damina aikinka nome ciyawar ƙarƙashin waya ne kowane mako, sannan cire injin in hadari mai tsawa ya taso. Da kaka ma a share busasshiyar ciyawa, tartsatsi na iya tada gobara.

Ta wajen dabbobinmu an yi sa'a. Tumakin hamada irin su watish da dubasi gashi gare su, ba ulu mai kauri ba, suna jin wuta sosai, kwana biyu zuwa uku sun koyi nisantar waya. A fara sa su da rana, ana kallo. Akwai samfurin raga mai wuta, amma ba na ba mai awaki masu ƙaho shawarar ta, akuya kan maƙale ciki wuta ta yi ta dukanta.

Ga kura fa, malam, kada ka rushe shingen ƙayarka. Kura mai nauyi in ta taho a guje tana iya faɗa wa waya ta tsinka ta kafin ta ankara da zafin. Bar shingen ƙayar itacen kitir a ciki, ka ja wayar ta waje da tazarar kamar rabin mita don kada reshe ya taɓa ta. Kaji kuma ba ruwansu da wannan shinge: muzuru da shaho ta sama suke zuwa, sai akurki mai rufi. Kyanwa da ƴan kwikwiyo su kwana cikin gida. Mushe da mabiyiyar tunkiya a binne su da zurfi nesa da zariba, warinsu ne ke kiran dila tun daga nesa. Dilan da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron mutane, a ɗauke shi mai ciwon hauka ne. Wanda dilan ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti a ranar.

Abu biyu ba a yi ko da wasa: sa wuta a waya mai ƙaya, don yaro ko dabba na iya maƙalewa, da jona shinge kai tsaye da wutar gida ko janareto, wannan kisa ne. A sanar da maƙwabta, a nuna wa yara, a rataya alama a gefen hanya.

Mai dabbobin da ke kwana wuri ɗaya, wanda zai iya zagaya shinge da mita kowace yamma, ya saya, ya ƙara kuɗin rodi biyu da robobi masu kyau cikin lissafinsa tun farko. Makiyayin da ke tashi da garke duk bayan ƴan kwanaki tsakanin Dindir da Butana, kafa rodi uku a kowane mashekari zai gajiyar da shi, kare mai kyau da ƙaya sun fi masa.