Google, Microsoft, Slack ko WhatsApp: wace manhaja za ka saya wa ofishinka?

Mai ofis da ke da ma'aikata goma zuwa talatin yakan fara tunanin sayen manhaja ne bayan wani abu ya ɓace. Ko an tura wa kwastoma takardar farashin bara, ko akanta ya ajiye aiki ya tafi da lissafin shekara uku a imel ɗinsa na kansa. Kafin ka ciro katin banki, tantance abin da ke ɓacewa a wurinka: magana ce, takardu ne, ko kuwa ba a san wa aka ɗora wa wane aiki ba? Mai talla zai rantse maka tasa na maganin duka ukun, amma kowace manhaja akwai inda ta fi ƙarfi.

WhatsApp dai ya riga ya shiga ofishinka ba tare da ka saya ba. Rukuni ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, ana tura fayil har na gigabayit 2, ba ya cin data sosai, kuma direba da mai kula da sito za su iya magana da murya in rubutu na ba su wahala. Matsalar ita ce komai na kan lambar ma'aikaci ta kansa. Umarnin da ka bayar ranar Litinin ya nutse tsakanin barka da Juma'a, katin ɗaurin aure da sanarwar rasuwa. Saƙon murya na minti shida kuwa sai ka sake saurararsa daga farko kafin ka gano inda aka faɗi adadin kuɗin. Ranar da mutum ya bar aiki, hirar kwastomomi na aljihunsa. Ka bar WhatsApp don abin gaggawa, kar ya zama ma'ajiyar kamfani.

Ainihin zaɓin yana tsakanin Google Workspace da Microsoft 365. Dukansu suna ba ka imel da sunan kamfani, da wurin ajiyar takardu, da taron bidiyo, kuma abu mafi muhimmanci, ikon rufe asusun wanda ya tafi alhali takardunsa suna hannunka.

Google ya fi sauƙin koyo, tunda kusan kowa ya saba da Gmail. Ƙaramin tsarinsa, Business Starter, yana ba da gigabayit 30 ga kowane mutum da taron mutum 100. In kana son ɗaukar taro a bidiyo don wanda bai halarta ba, sai ka hau Business Standard, mai terabayit 2. Duk aikin a burauza ake yinsa, don haka tsohuwar kwamfuta ta hannu ma tana ja. Mutum uku za su iya gyara takarda ɗaya a lokaci guda, an huta da fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske", da "wanda oga ya gyara". Rauninsa intanet ne. Ana iya aiki ba sabis, amma sai an kunna wannan tsarin tun kafin sabis ɗin ya ɗauke, kuma yawancin mutane ba sa tunawa sai ya ɗauke.

A Microsoft, nan ne mutane ke yawan sayen abin da ba shi suke nufi ba. Business Basic yana ba da terabayit 1 ga kowa tare da Teams, manhajarsa ta hira da taron bidiyo, amma Word da Excel ɗinsa na burauza ne da waya kawai. Wanda ake girkawa a kwamfuta, ya yi aiki ko da sabis ko babu, yana cikin Business Standard, kuma kuɗinsa ya kai ninki biyu. Ba dole ka saya wa kowa iri ɗaya ba: akanta da sakatare su samu Standard, sauran su zauna a Basic. In aikinku ya dogara da manyan jadawalin Excel, ko kuna yawan musayar takardu da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji da ke son komai a Word, ni Microsoft zan ce ka ɗauka. Sai dai Teams na da nauyi, kwamfuta mai RAM gigabayit 4 za ta riƙa nishi.

Slack ya ƙware wajen raba hira ɗaki-ɗaki, kowane aiki da nasa, kuma kamfanin Salesforce na Amurka ya saye shi a 2021 kan dala biliyan 27.7. Amma ba ya zuwa da imel, kuma na kyautarsa saƙonnin kwana 90 kawai yake nuna maka. In ba masu rubuta manhaja ba ne ku, kuɗi ne a kan kuɗi.

Maganar kuɗi kuwa, duk waɗannan kai-kai ake biya, wata-wata, kuma farashin asali a dala yake. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ya ga yadda ta haura 1,500 a 2024. Ƙara harajin VAT na kashi 7.5, da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025. Wannan ya sa Zoho, kamfanin Indiya mai ofis a Legas, ya cancanci a leƙa shi, don yana sa farashi a naira. Kayansa ba su kai na manyan biyun santsi ba, amma ka san abin da za ka biya.

In matsalarka ita ce aiki na faɗuwa tsakanin mutane, allo kake buƙata mai layi uku: za a yi, ana yi, an gama, kowane kati da sunan mutum ɗaya da rana. Trello na kyauta yana ba da allo goma, Planner kuma yana cikin Microsoft 365 da ka riga ka biya.

Akwai kuma masu tallan kayan sa ido, daga na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa har manhajoji irin Hubstaff da ke ɗaukar hoton allon ma'aikaci. A binciken Microsoft na 2022, kashi 87 na ma'aikata sun ce suna aiki yadda ya kamata, kashi 85 na shugabanni kuma sun ce raba aiki tsakanin gida da ofis ya sa ba su da tabbacin haka. Wannan zargin ne ake sayar maka. Na'urar yatsa za ta nuna wanda ya iso ƙarfe takwas, ba za ta nuna abin da ya gama ba, kuma ma'aikacin da ya san ana leƙensa motsa linzamin kwamfuta zai koya. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta ɗora maka nauyin duk abin da ka tattara a kan mutane.

Abin da ya fi kashe waɗannan manhajoji shi ne oga da kansa. Ya biya kuɗin shekara, ya tara ma'aikata an yi horo, sannan ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya turo umarni da murya a WhatsApp. Cikin wata guda kowa ya koma inda oga yake. Faransa ta kai ga sa wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama dokar tsara lokutan da ma'aikaci zai kashe waya tun 2017. Kai ƙa'ida ta baki ta ishe ka, in dai kai ne farkon mai binta. A nan kuma rubutu na da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Ƙaramin ma'aikacin da ba zai iya gyara wa babba a taro ba, sai dai "haka ne, ranka ya daɗe", zai iya rubuta a gefen takarda cewa jimillar layi na tara ba ta yi daidai ba. In ka yi masa godiya a gaban kowa zai sake, in ka haɗe rai shi ke nan.

Google na ba da gwajin kwana 14, Microsoft wata ɗaya. Ka gwada da sashe ɗaya, a kan kwamfutar da ta fi kowace tsufa, a lokacin da sabis ya fi rauni a unguwarku, ka kuma gwada sauke duk takardunku waje don ka san za ka iya fita in ka ga dama. Asusun mai kula da komai, da rajistar sunan shafin kamfani, su kasance da sunan kamfani da lambarka, ba ta yaron da ya zo ya haɗa muku ba.